Jelato Marar Madara: Tsohon Zaƙi Da Ake Sayarwa Da Sunan Sabo

A ƙarni na 14, zamanin da Mamalik ke mulkin Masar, akwai wani ayarin raƙuma da kayansa ke raguwa a hanya ko da ɓarawo bai tare shi ba. Dusar ƙanƙara yake ɗaukowa daga duwatsun Sham, ya biyo ta Dimashƙ da Gaza, ya ratsa rairayi har Alƙahira, ana sauya raƙuma zango-zango don kada rana ta riga sarki shanye lodin. Wani kason kuma ta ruwa yake zuwa: jirage su kawo shi Dimyaɗ, a bi da shi ta Kogin Nilu zuwa Bulaƙ, daga nan alfadarai su haura da shi fada, a adana a ɗakin abin sha da ake kira sharabkhana. Al-Umari, marubucin fadar nan da ya bar mana labarin wucewar Mansa Musa ta Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta Hajji, yana cikin waɗanda suka rubuta yadda ake wannan jigila. Bayansa al-Ƙalƙashandi ma ya kawo bayaninta.

Duk wannan ɗawainiya don sarki ya kurɓi abu mai sanyi a tsakiyar zafi. Abin da ke cikin kofin nasa ruwa ne da sukari da 'ya'yan itace, wani lokacin da ruwan fure. Babu ɗigon madara.

Wanda ya shiga shagon jelato, wato askirim irin na Italiya, a Milan ko Landan ko New York a yau zai tarar da wani sashe da aka keɓe, an manna masa takarda cewa wannan babu madara a cikinsa, kuma kayan haɗinsa daga gonakin da ba a zuba musu takin zamani ko maganin feshi suka fito. Ana tallata shi a matsayin sabon salo, farashinsa ma ya kan ɗara na sauran. Tarihi bai goyi bayan wannan talla ba. Marar madarar shi ne babban wa. Askirim ɗin madara da duniya ta saba da shi daga baya ya zo, bayan an shafe ɗaruruwan shekaru ana shan na ruwa da 'ya'yan itace.

Tun kafin Mamalik mutane ke ɓoye sanyin hunturu don ranar zafi. Wani allon yumɓu daga masarautar Mari, a bakin Kogin Furatu, ya nuna sarki Zimri-Lim ya gina gidan ajiye ƙanƙara a garin Terƙa wajen shekara ta 1780 kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙasar Farisa, magina sun ƙware wajen gina yakcal, wani gini na ƙasa mai tsini kamar ƙaton rumbu, da rami mai zurfi a ƙarƙashinsa, inda ƙanƙarar da aka tara a daren sanyi ke kaiwa bazara. Har yau wasunsu na tsaye a yankunan Yazd da Kerman. Mutanen Shiraz kuma suna nan suna shan faluda, siririyar taliyar sitaci a cikin ruwan sukari mai ƙanƙara, da ruwan fure da lemun tsami.

Sunan irin wannan abin sha mai sanyi kansa ya isa shaida. Daga kalmar Larabci ta sha aka sami sharbat. Turkawa suka ce sherbet, Italiyawa suka lanƙwasa ta zuwa sorbetto, Faransawa suka ce sorbe. Hausawan Sudan da ke shan sharbot na dabino a lokacin Babbar Sallah, wannan kalmar ce dai a bakinsu.

Inda labarin ya yi jijiya sosai shi ne tsibirin Sisili, a kudancin Italiya. A shekarar 827 rundunar Aglabawa ta ƙetaro daga Tunisiya ta sauka a Mazara, a 831 ta ci birnin Palermo, Musulmi suka mulki tsibirin sama da shekara ɗari biyu. Sun bunƙasa noman rake da lemun tsami, sun kawo dabarun ban-ruwa da tsibirin ya daɗe yana cin moriyarsu. Abu na uku kuwa a can suka same shi: Dutsen Etna, mai aman wuta, wanda kansa ke lulluɓe da dusar ƙanƙara a hunturu. A ƙarnonin da suka biyo baya tara wannan dusa ya zama sana'a mai zaman kanta. Masu yin ta, da ake kira nibaroli, kan hau dutsen su danna dusar cikin ramuka da kogwanni, su rufe ta da toka da ganyaye, in zafi ya shigo su yanko ta su naɗe da ciyawa, alfadarai su sauko da ita cikin dare. Har tsibirin Malta ake kai ta a jirgin ruwa.

Jikar waccan sana'a ita ce giranita, wadda mutanen Kataniya da Mesina ke karya kumallo da ita a lokacin zafi, suna tsoma wani lallausan burodi mai tuntu a ka. Akwai ta lemun tsami, akwai ta gahawa, akwai ta almon, wani ɗan itace mai maiƙo da ake markaɗawa da ruwa har ya yi fari tas kamar kindirmo. Baƙo zai iya rantsewa akwai madara a cikin ta almon ɗin, alhali almon ne da ruwa da sukari kawai. Mutanen Sisili ba su taɓa ɗaukarta a matsayin madadin wani abu ba, abincinsu ce da suka gada.

Sai dai sanyaya abu daban, daskarar da shi daban. Duk matar da ke ɗaura zoɓo a leda ta san cewa ruwan da aka zuba wa sukari ya fi ruwa zalla taurin kai a firiza. Dusar ƙanƙara ita kaɗai tana tsayawa ne a sifili a ma'aunin zafi, ruwan sukari kuwa sai an gangara ƙasa da haka kafin ya kama. Saboda haka sarakunan da suka yi ta jigilar dusa a raƙuma ruwan sanyi suka sha, ba su kai ga abin da ake ɗiba da cokali ba.

Gishiri ne ya warware matsalar. Idan aka barbaɗa shi a kan ƙanƙara, tana narkewa ala tilas, kuma tana narkewar tana zuƙe zafin duk abin da ke kusa da ita, har sanyin haɗin ya iya kaiwa digiri 21 ƙasa da sifili. A tsoma tukunyar ƙarfe a ciki, abin da ke cikin tukunyar zai daskare. Likitan Dimashƙ Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rasu a 1270, ya ambaci sanyaya ruwa da wani farin gishiri, irin wanda ake haɗa albarushi da shi. A fadar sarki Akbar na Indiya, Abul Fadl ya rubuta yadda ake sanyaya ruwan sha da wannan gishirin, da yadda ake sauko da ƙanƙara daga duwatsu zuwa Lahore. A Turai kuwa, masanin birnin Napoli Giambattista della Porta ya bayyana a 1589 yadda ake daskarar da abin sha da dusa da gishirin albarushi. An ɗauki kusan ƙarni guda kafin abin ya tashi daga wasan masana ya zama aikin kicin.

A nan ne masu talla suka fi yi wa tarihi ƙarin gishiri nasu. Ana cewa Marco Polo ne ya kawo askirim daga Sin. Ana cewa Catherine de Medici ta tafi da masu haɗa shi Faransa lokacin da aka kai ta gidan miji a 1533. Mutanen Florence kuma suna jingina ƙirƙirar jelato ga maginin fadarsu Bernardo Buontalenti, har akwai wani ɗanɗano da ake sayarwa da sunansa. Masu binciken tarihin abinci, cikinsu har da Elizabeth David ta Ingila wadda ta ƙarar da shekarunta na ƙarshe kan wannan batu, sun duba takardun zamanin ba su ga hujja ba. Amaryar 1533 ba za ta iya tafiya da dabarar da ba a fara amfani da ita a kicin ba sai bayan ta daɗe a kabari. Abin takaici shi ne waɗannan tatsuniyoyi sun danne sunayen mutanen da suka yi aikin da hannunsu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Antonio Latini, wanda ya taso maraya, ya yi bara a titi yana yaro, ya yi ta hidima a gidajen manya har ya zama shugaban kicin na wani babban jami'in gwamnatin Sifaniya a Napoli. Tsakanin 1692 da 1694 ya fitar da littafinsa na girki, inda ya zayyana yadda ake haɗa sorbetto: na lemun tsami, na sitiroberi, na cakulan, da sauransu. Cikin jerin akwai wanda ake yi da dafaffiyar madara, kuma shi ne masana da yawa ke kallo a matsayin kakan jelaton yau. Sunan da Latini ya ba shi yana da ma'ana babba, domin sorbetto na madara ya kira shi, wato reshe guda a jikin bishiyar da ta riga ta girma. A Napoli ɗin dai, a 1775, likita Filippo Baldini ya rubuta littafi sukutum kan amfanin sorbetto ga lafiya.

Wani ɗan Sisili, Francesco Procopio, shi ya fitar da abin daga gidajen sarauta zuwa inda mai kuɗin saye zai zauna ya sha. A 1686 ya buɗe Café Procope a birnin Paris, yana sayar da gahawa da kayan sanyi. Daga baya wurin ya zama majalisar marubuta irin su Voltaire da Diderot, kuma har yau ana cin abinci a gidan. A Ingila, an rubuta cewa a wata liyafa da aka yi a fadar Windsor a 1671 an kawo askirim, amma teburin sarki Charles na Biyu kaɗai aka ajiye wa. Ƙasashen arewacin Turai masu yalwar shanu su ne suka yi ta ƙara kirim da ƙwai, har madarar ta zama uwar gida, 'ya'yan itace suka koma 'yan rakiya.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da bai kamata ɗan Afirka ya tsallake ba. Sukarin da ya yi arha har Turawa suka samu na wasa da shi, bayi ne suka noma shi a Barazil da tsibiran Karebiyan. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya bar takardar haɗa askirim ɗin banila da rubutun hannunsa, tana nan a ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. Wanda ya koyo girkin Faransa a Paris yana dafa masa kuwa bawansa ne, James Hemings. Ita kanta banilar, da ta zama ɗanɗanon da ya fi kowane yaɗuwa, ba ta samu a wadace ba sai bayan 1841, lokacin da wani yaro bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Reunion, Edmond Albius, ya gano yadda ake yi wa furenta barbara da ɗan tsinke da babban yatsa. Da dabararsa manoman Madagaska ke aiki har gobe. Shi kuwa ya mutu cikin talauci a 1880.

Ƙarni na 19 ya mayar da ƙanƙara haja. Wani matashi ɗan Boston, Frederic Tudor, ya loda wa jirgi ƙanƙarar da aka yanko daga tafki a 1806, ya nufi tsibirin Martinik mai zafi. Mutanen garinsu sun yi masa dariya, ya tafka asara, har gidan yari ya shiga saboda bashi. Bai daina ba. Ya koyi rufe ƙanƙara da garin katako, a 1833 ya tura tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya, tafiyar wata huɗu, kusan tan 100 ya isa da ransa. A Landan, Carlo Gatti, wanda ya fito daga yankin Suwizalan da ke magana da Italiyanci, ya riƙa shigo da ƙanƙara daga Nowe yana adanawa a manyan rijiyoyi kusa da King's Cross, yana sayar wa 'yan uwansa masu tura kurar askirim. Talaka ya samu shiga: ya biya kobo ɗaya, a shafa masa kaɗan a wani ƙaramin kofin gilashi, ya lashe ya miƙa, a ɗan ɗauraye a ba na bayansa. Tsoron tarin fuka da kwalara ya sa hukuma ta hana wannan kofi a ƙarshen ƙarnin, abin da ya buɗe wa mazubin biskit da ake cinyewa hanya.

A Amurka abubuwa suka yi ta zuwa a jere. Nancy Johnson ta Filadelfiya ta yi rajistar injin da ake juyawa da hannu a 1843. Jacob Fussell, dillalin madara a Baltimore da kirim ke yi masa kwantai, ya kafa masana'antar askirim a 1851. Injin sanyi na Carl von Linde ɗan Jamus ya zo a shekarun 1870, sana'ar yanko ƙanƙara daga tafki ta kama hanyar mutuwa. Tun da dillalan madara ne suka riƙe masana'antar, doka ma ta bi su: a Amurka ba a yarda a kira abu askirim ba sai kitsen madara ya kai kashi 10 cikin 100 na haɗin.

Italiya ta bi wata hanya. Mutanen kwarin Zoldo da Kadore, a duwatsun arewa maso gabas, da sana'ar ƙira da katako ta mutu musu, suka bazu Biyana da biranen Jamus suna sayar da jelato a bazara, su koma gida a hunturu. Jikokinsu na riƙe da shaguna da dama a Jamus har yanzu. A birnin Bolonya, Otello Cattabriga ya ƙera injin da ke kankarewa yana juyawa kamar hannun mutum a ƙarshen shekarun 1920, sannan kamfanin Carpigiani ya kafu a 1946, wanda a 2003 ya buɗe makarantar koyar da haɗa jelato da ɗalibai ke zuwa daga ƙasashe da yawa.

Bambancin jelato da askirim ɗin masana'anta ba a suna kaɗai yake ba. Kitsen jelato bai cika wuce kashi 4 zuwa 9 cikin 100 ba. Ana juya shi a hankali, iskar da ke shiga cikinsa kaɗan ce, alhali wani askirim mai arha rabin robarsa iska ce aka sayar wa mutum. Ana kuma ba da shi a sanyin da bai kai na askirim ba, wajen digiri 12 ƙasa da sifili, don haka harshe ba ya mutuwa kafin ya ji ɗanɗano. Wannan ne ya sa jelato ya fi saurin karɓar rashin madara. Abin da bai dogara da kitse sosai ba tun farko, in aka cire madarar aka sa almon ko fistashiyo na garin Bronte da ke gindin Etna, ba ya rushewa.

Waɗanda suka fara neman askirim marar madara a zamanin masana'antu suna da dalilansu. Mabiya cocin Adbentis a Amurka, masu guje wa nama, sun yi shi da gyaɗa da dangoginta, kuma Almeda Lambert ta kawo irin wannan haɗi a littafinta na 1899. Yahudawa masu kiyaye dokar abincinsu ba sa haɗa nama da madara a zama ɗaya, shi ya sa David Mintz, mai gidan abinci a New York, ya shafe shekaru yana gwaji da awarar waken suya har ya fitar da Tofutti a farkon shekarun 1980. A Suwidin, binciken Rickard Öste na Jami'ar Lund ya haifar da madarar hatsin ot ta Oatly a shekarun 1990. Da manyan kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka shigo: Ben & Jerry's ya fitar da nasa na almon a 2016.

Babban dalilin dai yana cikin cikin ɗan Adam. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya jikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara yadda ya kamata bayan yaye, sai kumburin ciki da murɗa. Mutanen arewacin Turai da al'ummomin makiyaya, cikinsu har da Fulani, su ne suka fi gadon iya narkar da shi, yayin da akasarin mutanen kudancin Nijeriya ba su da wannan gado. Nono mai tsami ya fi sauƙi a ciki saboda tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sukarin.

Batun noma ba tare da sinadari ba kuwa, wanda ake kira oganik, doka ce ta tsare shi. Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idarsa a 1991, kuma tun 2010 ake manna tambarin koren ganye mai taurari, wanda ba a ba abinci sai aƙalla kashi 95 cikin 100 na kayan gonar da ke cikinsa sun cika sharaɗi. Tunanin ya samu gindin zama a Italiya bayan Carlo Petrini ya tayar da ƙungiyar Slow Food a 1986, lokacin da aka yi bore kan buɗe McDonald's a tsakiyar Rum. Wasu samari biyu, Federico Grom da Guido Martinetti, suka buɗe shagon Grom a Turin a 2003, har suka sayi gonarsu don noma 'ya'yan itacen da za su yi amfani da su. A 2015 kamfanin Unilever ya saye Grom. Mai saye dai ya kamata ya karanta bayan roba da kyau. Tambarin koren ganye yana magana ne kan yadda aka yi noma, bai rage ko cokali ɗaya na sukari ba, kuma da yawa daga cikin marasa madarar na masana'anta man kwakwa ne ya maye gurbin kirim, shi ma kitse ne mai nauyi.

A Afirka ta Yamma, askirim ya zo ne a kan keke. Erik Emborg ɗan Denmak ya kafa kamfanin da ya zama Fan Milk a Gana a 1960, aka buɗe na Nijeriya a Ibadan a 1963, kuma ƙahon mai keke da farin akwati ya zama sautin da yaran birane suka tashi da shi. Amma a gefensa akwai wata sana'a da ba ta da tambari: matan da ke ɗaura zoɓo da tsamiya da kunun aya da ruwan 'ya'yan kuka a leda, su daskarar, yara su fita da su a kula, musamman in azumi ya faɗo a watannin zafi. A ma'aunin Latini, wannan sorbetto ne cikakke.

Kayan haɗin ma duniya ta san darajarsu. A Balansiya ta Sifaniya, ayar da aka markaɗa ita ce orcata, abin shan da suke alfahari da shi, suna kuma shan ta da ƙanƙara a bazara, kuma Sifaniya na sayen aya daga Nijar, inda yankin Maraɗi ya yi fice a nomanta. Zoɓon Jigawa da Kano ana loda shi zuwa Meziko, can ma jiƙa shi suke yi su sha, su kuma daskarar da shi a jikin tsinke. Tarayyar Turai ta amince da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci a 2008. Aya tana da maiƙo da sitaci da zaƙinta na halitta, abubuwan da mai haɗa jelato marar madara a Bolonya ke bi kasuwa-kasuwa yana nema.

Abin da ya rage wa mai ɗaura ƙanƙara a Kano ko Damagaram shi ne abin da ya wahalar da sarakunan Alƙahira, wato sanyi mai ɗorewa. Wutar da ake ɗaukewa ta yini guda ta isa ta narkar da jarin mace gaba ɗaya, kuma jelaton da ya narke aka sake daskarar da shi ya tashi daga aiki. Firiza mai aiki da hasken rana ta fara rage wannan asara ga waɗanda suka samu halin saye. Masu buɗe shagunan askirim a biranen Arewa kuwa, kafin su yi odar garin haɗi daga waje, su fara leƙa kasuwar Dawanau su tambayi kuɗin buhun aya da na zoɓo.